Muryar Aro

Tun tana firamare ake kiranta Aku, kuma ba don surutu ba. Duk wanda ya yi magana a gabanta sau biyu, to ya ba ta muryarsa kyauta. Takan laɓe a bayan ƙofar aji ta yi gyaran murya irin na hedimasta, yara su nutsu tsit kamar ruwa ya cinye su, sai ta leƙo tana dariya. Ta sha bulala a kan haka. A gida kuwa yayanta ne ya fi shan wahalarta. Yana tsakiyar ƙwallo zai ji mahaifiyarsu ta ƙwala masa kira, ya sheƙo yana haki, ya tarar da ƙanwarsa ita kaɗai a tsakar gida tana riƙe da ciki.

Da ta gama sakandare ta yi zaman kantin magani na wasu shekaru, ta auri wani mai gyaran firji, mutum mai sanyin hali wanda ba ya gajiya da yabon matarsa, suka haifi 'yan mata biyu. Shi ne ma ya kai ta wurin Oga, mai situdiyon fassara finafinai, ranar da ya je duba masa firjin ofis.

Situdiyon ɗaki ne a saman wani shagon taya. An manne bangonsa da soson tsohuwar katifa da kwalayen ƙwai, an raba shi biyu da gilashi. Oga na zama ta can da kwamfuta, mai magana na tsayawa ta nan gaban makirufo da allon talabijin. Da an fara ɗauka sai an kashe fanka, don haka gumi kan bi bayan mutum har ƙugu. Duk macen da ke cikin fim Aku ce: ita ce uwar gida, ita ce 'yar aiki, ita ce tsohuwar da ke mutuwa a asibiti. Wani lokaci takan yi faɗa da kanta na tsawon minti goma, ta mari kanta da murya, ta kuma yi kukan marin.

Sai aka shiga yayin finafinan siyasa, irin waɗanda ɗan jarida ke tono wata ɓarna, a buga wa editansa waya daga sama, minista ya fito talabijin yana murmushi alhali ya sa a bi ɗan jaridar da mota. Oga ya ga suna tafiya, ya dinga kwaso su. Aku ta so su fiye da na soyayya. Ta haddace halinsu har takan faɗi mugun tun kafin fim ya kai rabi.

“Wancan mai fara'ar ne,” takan ce wa Oga. “Ka ga yadda ya miƙa mata ruwa? Shi zai sayar da ita.”

Maigidanta yakan tsokane ta, wai tun da ta fara wannan aiki ko mai kawo takardar wuta ya ƙwanƙwasa sai ta leƙa ta taga tukuna.

A garin kuwa akwai 'yar jarida ta gaske, mai shirin safe a rediyo, wadda kowa ke kira Sai-Ka-Amsa, saboda haka take ce wa duk babban da ya fara zille mata. Muryarta a ɗan shaƙe take, tana jan “to” ɗinta, kuma kafin ta jefo tambaya mai zafi sai ta yi ɗan tari guda. A lokacin ta sa wani ɗan kwangila a gaba. An ba shi aikin ruwan famfo, ya tone tituna ya binne bututu, ruwa bai zo ba, ga shi kuma ya fito takarar shugabancin garin. Kullum da safe tana sako muryoyin ma'aikatan da suka yi aikin suna faɗin abin da suka gani. Yayan Aku, wanda yanzu direban tasi ne, ba ya ɗaukar fasinja mai surutu a lokacin shirin. Ita kuwa Aku ta mayar da muryar abin wasa a gida. In maigidan ya yi yamma a waje sai ta tare shi a ƙofa, ta yi ɗan tarin, ta ce, “Tooo, maigida, ina aka tsaya? Sai ka amsa.” Yara su faɗi ƙasa don dariya.

Wata rana da azahar ta hau situdiyo ta tarar da baƙo. Oga ya ce darakta ne. Ba shi da wata alama ta manya, riga ce mai gajeren hannu da takalmin da ya sha ƙura, ga ladabi. Ya miƙe ya ba ta kujerarsa. Ya ce ba fassara ya kawo ba, nasa fim yake haɗawa, labarin wata 'yar jarida da ta sayar da aikinta. Akwai wurin da take magana a waya, kuma muryar 'yar wasansa ta yi siriri da yawa.

Aku ta shiga ta sa abin kunne, ta dubi allon talabijin ta gan shi baƙi.

“Ina hoton?”

“Ba a gama haɗawa ba, Malama. Ai waya ce, ba a ganin baki.”

“Takardar fa?”

Ya taɓa goshinsa da yatsa. “Tana nan. Zan faɗa, ki maimaita.”

Ya fara ba ta a hankali. Ka gaya wa maigidanka abin da ya aiko bai kai ba. In yana so in yi shiru ya san hanya. Ni ke riƙe da makirufo, ba shi ba. Ta maimaita, ya yaba, sannan ya ce ta ɗan shaƙe muryar. Ta shaƙe. Ya ce ta ja “to” ɗin. Ta ja. Ya ce ko za ta iya sa ɗan tari kafin ta ƙarshen.

Ta cire abin kunnen. “Wannan ai muryar Sai-Ka-Amsa kake nema.”

“Wace ce haka?” Ya yi dariya. “Ni ba na jin rediyo.”

Abin ya tsaya mata a rai. Mutum yana haɗa fim a kan 'yan jarida a garin nan, bai san Sai-Ka-Amsa ba? Ta dubi Oga ta cikin gilashi, ya juya mata yatsa alamar ta ci gaba, zafi na damunsa. Darakta kuwa ya ce ya zaga situdiyo da yawa bai ga mai kunne irin nata ba. Ta mayar da abin kunnen, ta ba shi muryar sak, har da yadda matar ke haɗiye ƙarshen kalma. Da suka gama ya kwashe a tasa na'urar, ya roƙi Oga ya goge na kwamfuta saboda masu satar fasaha. Wannan ba sabon abu ba ne a sana'arsu, Oga ya goge.

Makonni suka wuce har ta manta. Ranar da abin ya fashe tana tsugune tana wanke kayan makarantar yara, ta ji tasin Yaya ta tsaya da ƙarfi a ƙofar gida. Ya shigo ko gaisuwa babu, waya a hannu.

“Aku, ji abin da matar nan ta yi mana. Ni da nake hana fasinja magana saboda ita!”

Ya danna. Aka ji ƙarar titi, hon ɗin mota, wani namiji yana lallashi, yana cewa maigida ya yi iya ƙoƙarinsa a kan maganar ruwan. Sai mace ta yi ɗan tari ta ce abin da ya aiko bai kai ba.

Kumfa na zuba daga hannunta. Ranar da ta faɗi wannan a situdiyo babu ƙarar titi, babu namiji, babu wanda ya ambaci ruwa. Amma ta san wurin da ta ja numfashi, ta san inda gumi ya shiga mata ido ta ɗan yi sauri.

“To, me za ki ce?” in ji Yaya.

“Me zan ce, Yaya?”

Kafin yamma muryar ta cika gari. Ta ji ta a shagon tela, ta ji ta a bakin famfon da ba ya kawo ruwa, ta ji ta tana fitowa daga aljihun wani mai tura baro. Washegari gidan rediyon ya sanar cewa ya dakatar da ma'aikaciyarsa har a gama bincike, aka sa kiɗa a madadin shirin.

Ta tafi wurin Oga. Tana buɗe ƙofa sanyi ya buge ta. Sabuwar na'urar sanyaya ɗaki ce a bango, ko ledarta ba a gama ɓarewa ba.

Oga ya rantse bai san komai ba. Ya kira lambar Darakta a gabanta, a kashe. Ya ce shi ma cutarsa aka yi, kuma in tana da hankali ta rufe bakinta, don mutanen da suka iya shirya wannan sun iya shirya abin da ya fi shi.

“Wa ya kawo shi nan?”

“Ƙafarsa. Yana hawowa ya ce ina Aku. Da sunanki ya zo, ba ni na ba shi ba.”

Ta ɗaga kai ta dubi na'urar. “Wannan fa?”

“Yanzu kuma sanyin ma laifi ne? Na daɗe ina tara kuɗinta. Tambayi mijinki, shi ya ɗaura min.”

Ta sauko matakala. Maigidanta bai gaya mata ya yi aiki a situdiyo ba, shi da ke ba ta labarin kowane firji da ya taɓa. Da ya dawo ta bar shi ya ci abinci, ta tura yara ɗaki, sannan ta gaya masa komai. Ya ajiye kofin ruwa ya yi salati.

“Baban yara, wa ka gaya wa ina kwaikwayon matar nan?”

“Wa ban gaya wa ba? Duk inda na je aiki aka kunna rediyo sai na ce matata ta fi ta iya muryarta.”

“Ka taɓa yin aiki a ofishin ɗan kwangilar?”

Ya gyaɗa kai. “Na taɓa sa musu gas a na'urar sanyaya ɗaki. An daɗe. Aikina ne fa, kowa na kirana.”

“Na Oga fa, me ya sa ka ɓoye min?”

“So na yi ki hau ki ji sanyi ki yi mamaki.” Ya dube ta sosai. “Tsaya. Ni kike zargi?”

Ta shiga kwashe kwanuka. Ya tashi ya fita bakin ƙofa ya zauna a kan wani mataccen firji, ya daɗe bai shigo ba.

Yaya kuwa da ya ji gaskiyar sai ya dafe kai. Ya ce ai akwai wata rana da tana yi wa yara wasan, ya ɗauke ta a waya ba ta sani ba, kuma ya sha kunna wa fasinjoji a cunkoso don su yi dariya. Wasu ma sun ce ya tura musu, ya tura. Su wane ne? Ina zai sani, mutum ya hau ya sauka.

Nan ta rasa inda za ta ajiye zarginta. Kowanne daga cikin ukun zai iya zama ƙofar da aka shigo, kuma kowanne ya ba ta amsar da ba ta da aibi. A fim da tuni ta nuna mutum ta ce wancan ne. A nan kowa mai fara'a ne, kowa ya taɓa miƙa mata ruwa. Ta fara lura da abubuwan da da ba ta gani. Wani mai sayar da katin waya ya kafa lema a kwanar layinsu, inda babu ciniki. Waya takan yi ƙara, ta ɗauka a yi shiru. Ta daina sayen kaya a shago ɗaya sau biyu a jere, ta koma raka yara makaranta da kanta. Maigidan ya ce finafinai ne suka hau mata kai.

“Finafinan ne suka kunna muryata a aljihun mai baro?” ta ce.

Abin da ya fi cin ta shi ne safiya. Lokacin shirin na yi sai ta ji kiɗa daga gidan maƙwabta, ta tuna da muryarta aka rufe shirin. Ran nan ta yafa gyale ta ce wa Yaya ya kai ta gidan Sai-Ka-Amsa, tunda direban tasi ba ya rasa sanin gida. Ta sa ya ajiye ta nesa, ta ƙarasa da ƙafa tana waiwaye.

Bene ne mai hawa uku, matakalarsa na warin kananzir. Aka buɗe ƙofar kaɗan, sarƙa na maƙale. Wata 'yar ƙaramar mata ce da tabarau a kan hanci da zanen gida, ko kusa ba ta yi kama da muryarta ba.

“Wa ya aiko ki?”

“Ba kowa, Anti. Ni ce na yi maganar nan da ake cewa ke ce.”

“Ke ce ta uku da ta zo da labari a makon nan. Ɗaya ma da na'urar ɗaukar magana a jakarta.”

Aku ta ajiye jakarta da wayarta a ƙasa, ta tura su gefe da ƙafa. Sannan ta yi ɗan tarin, ta ce, “Tooo, ka gaya wa maigidanka abin da ya aiko bai kai ba.”

Daga can cikin ɗaki wata tsohuwa ta ɗaga murya. “Da wa kike faɗa kuma, 'yar nan?”

Da 'yar jaridar ta ji har tsohuwar ta ɗauka ita ce ta yi maganar, sai ta zare sarƙar.

Ba ta ba ta ko ruwa ba. Ta zaunar da ita ta yi mata tambayoyi irin na rediyo, ta koma baya ta sake yin su a karkace don ta ga ko labarin zai canza. Kamannin mutumin, takalminsa, abin da ya fara faɗa, wanda ya goge. A ƙarshe ta cire tabarau.

“Kin gane muryata yake nema. Kin ma faɗa masa. Me ya sa kika ci gaba?”

Aku ta sunkuyar da kai. “Ya ce babu mai kunne irin nawa. Na ji daɗi.”

“Wannan kam na yarda da shi,” in ji matar. “Sauran sai na bincika.”

Ta bincika ɗin kuwa, har shagon taya ta aika a tambaya. Bayan kwanaki ta kira Aku ta ce gidan rediyo ya ƙi ba su fili, don haka da waya za su ɗauki bidiyo su saki. Ta gaya mata gaskiya cewa fuskarta za ta fito, kuma ba ta da ikon kare ta. Maigidan ya ce kada ta yi. Da ya ga ta ɗaura gyale sai ya ɗauki makullin babur ya ce shi zai kai ta, ya kuma tsaya a ƙasan benen har suka gama. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa a falo, matar ta faɗi jimla, Aku ta maimaita, sannan ta ba da labarin Darakta daga farko.

Ta ɗauka daga nan magana ta ƙare. A finafinan da take fassarawa, da gaskiya ta fito a allo sai a ga 'yan sanda suna hawa matakala. Nan kuwa gari rabuwa ya yi. Wasu suka yarda, har da masu zuwa ƙofar gida su yi mata sannu. Wasu suka ce 'yar jaridar ce ta yi hayar mai kwaikwayo don ta wanke kanta. Wata jarida ta rubuta cewa 'yan uwan juna ne, ta haɗa hotunansu tana nuna kamannin hanci. Mafi muni, kakakin ɗan kwangilar ya fito talabijin cikin natsuwa ya yi musu godiya. Ya ce da bakinsu sun nuna wa duniya cewa ana iya ƙera murya, to wa zai tabbatar da cewa muryoyin ma'aikatan ruwa da aka yi ta sakowa ba a saman shagon taya aka ƙera su ba?

Ɗan kwangilar ya ci zaɓe. A hoton murnar da jaridu suka buga, Aku ta ga rabin fuskar wani a bayan kafaɗarsa, ta ce Darakta ne. Ta kai wa Oga, ya duba ya ce bai yi kama ba, ya kuma ce ta ɗan huta a gida tukuna har ƙura ta lafa, masu kawo aiki suna tsoro. Bai sake kiranta ba. Mai katin wayar ya naɗe lemarsa bayan zaɓe ya tafi, har yau ba ta san ko ciniki ne ya ƙi ba. Tsakaninta da maigidan abu ya gyaru a hankali, ko da yake ya daina ba da labarinta a wurin aiki, kuma wani lokaci in ya dawo yakan lissafa mata gidajen da ya shiga ba tare da ta tambaya ba, abin da ke sa ta jin kunya.

Ta koma kantin magani. Tana nan wata rana 'yar jaridar ta shigo kamar mai sayen maganin mura. Rediyo bai mayar da ita ba, ta buɗe nata shirin da ake saurare a waya. Ta ce mutane na kawo mata magana amma yanzu ba wanda ke yarda a saki muryarsa. Tana neman wadda za ta karanta abin da suka faɗa, a kuma sanar a fili cewa karantawa ake yi.

“Da muryar wa?” in ji Aku.

“Da taki. Kina da ita ai?”

Aku ta ci gaba da jera kwalaye. “Zan yi, Anti. Amma ba zan karanta maganar mutumin da ban gani ba. Sai na zauna da shi ya faɗa a gabana.”

“Ba ki yarda da ni ba ke nan.”

“Ban ce ba.”

Matar ta yi dariya har tarin gaske ya kama ta. Ta ce jibi da rana akwai wata mai dafa abinci a makarantar kwana da ke son magana a kan buhunan abincin ɗalibai da mota ke saukewa da safe ta kwashe da yamma.

Ranar suka same ta a bayan kicin, kusa da tulin itace, mace mai ƙiba da tabon ƙuna a hannu. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan Aku.

“Ke ce ta bidiyon nan?”

“Ni ce, Baba.”

“To ni ban san wa zan yarda da shi ba a cikinku.”

“Ba laifi,” in ji Aku. Ta jawo wani bokiti ta kife ta zauna. “Fara daga ranar da motar ta fara zuwa.”